Kalmar da Kasuwa ta Hana Barakatu

Rigimar farko da Barakatu ta yi a kasuwar Wad Madani kalma biyu ce ta jawo ta, kuma Barakatu ce ta sha ƙasa. Har yau in kana son ka ga ta ɗaure fuska kamar wadda aka ɗura wa maɗaci, to tuna mata.

Makonta na farko ke nan a gindin dogon yaron da ke bakin tashar hafila, wato ƙananan bas na haya, inda mata masu shayi suke jere da murhun gawayi da 'yan kujerun tsuguno. Ita ba shayi ta kawo ba. Godogodo ta kawo bokiti biyu, kunun geron nan mai nono da yaji da Hausawa suka koya wa Sudan sha. Sai ga Alhaji Sa'id, yayan mijinta, ya sauko daga mota. Alhaji mutum ne mai nauyin kunne, ga shi bai ji daɗin ganin matar ƙanensa zaune a kasuwa ba, sai ya tsaya ƙiƙam yana kallon sama. Barakatu ta cika kofi ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya Alhaji, ka sha."

"Mi?"

"Ka sha."

"Mi kika ce?"

Ta ja numfashi, ta buɗe muryar da take kiran awaki da ita daga bakin kogi. "Na ce ka sha!"

Kafin ta rufe baki layin ya tashi. Mai shayi ta suri butarta, mai gyaɗa ta kifa tire a ka, mai takalma ya tattare buhunsa ya bar ƙafa ɗaiɗai a ƙasa. Wani mutum ya ruga da kofin shayin da bai biya ba. Hanaa, wadda ke zaune dab da Barakatu, ta yi tuntuɓe da murhunta, kofunan gilashinta suka tarwatse. Alhaji Sa'id kuwa, da ya ga kowa na gudu, ya tattare jallabiya ya bi su, bai tambayi dalili ba sai da ya kai masallaci.

Abin da Barakatu ba ta sani ba shi ne, a Larabcin kasuwa kasha na nufin farmakin bolis, wato 'yan sanda. Babbar mota ce takan faɗo layin masu talla ba sallama, a kwashe murhu da kujeru da tukwane, a ce sun tare hanya. A ƙauyensu ba a kasha. Wa zai kawo mota ya kwashe tsaiwar tsofaffi a gindin bishiya?

Da aka ga babu mota, aka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da baƙar magana a baki. Hanaa ta cafki gefen mayafinta tana nuna mata fasassun kofuna. Barakatu ta iya Larabci sarai, ta tsaya za ta wanke kanta.

"Ni ba abin da na yi. Da Hausa na yi magana. Cewa kawai na yi ka sha."

Mata biyu a ƙarshen layi suka sake zabura da butocinsu.

Nan shari'a ta ƙare. Babbar matan layin ta yanke hukunci: Barakatu za ta wanke wa Hanaa kofuna mako guda, kuma muddin tana gindin bishiyar nan, kalmar ta haramta a bakinta. In za ta ba namiji abin sha, ta ce itfaddal, bismillar Larabawa, kamar kowa. Mata dai babu matsala, ki sha ba ta taɓa tayar da kowa ba. Dama duk masifar duniya sai an sa namiji a ciki take tashi.

Barakatu 'yar wani ƙauyen Hausawa ce a bakin kogi kusa da Hasahisa, cikin jikokin mutanen da suka baro Sakkwato za su Makka, suka yada zango su huta, har yau suna hutawa. Mijinta Jibirin ma'aikacin masaƙa ne. Da masaƙa ta rufe, ya ce ai gyara ake yi. Kowace Asabar yakan sa a goge masa rigar aiki ya rataye, ko za a aiko. Rigar ta koɗe a jikin ƙusa, shi kuma ya koɗe a kan tabarma, har Allah ya karɓi abinsa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma kirki ba ya hawa murhu. Shi ya sa Barakatu ta fara jiƙa gero, ta riƙa shiga hafilar farko zuwa Madani da bokiti a tsakanin ƙafafu, daga baya ma ta kwaso 'ya'yanta suka kama ɗaki a unguwar Hausawa a gefen gari.

Ɗanta na fari Mahmud ne. Wannan ni na faɗa, ita ba za ta faɗa ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta irin ta mutanen da: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido da ido in da mutane. In ya yi zazzaɓi sai ta aiki ƙanwarsa da magani, ita ta tsaya bayan ƙofa tana sauraron numfashinsa. Sai ga ta cikin matan Larabawa, waɗanda su kuma girmamawarsu ita ce su kira mace da sunan ɗanta na fari. Daga safe har yamma, Um Mahmud, Um Mahmud. Barakatu ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ta koyi kurumta. In an ce Um Mahmud sai ta ci gaba da dama kunu kamar da bango ake. In an ce ya Hajja ta ji tun daga tsallaken titi. Hanaa, wadda wankin kofin nan ya mayar da su aminai, takan ce kunnen Barakatu kamar ofishin gwamnati yake, yana buɗewa ne ga wanda ya ga dama.

A gindin bishiyar nan ta tsufa, kuma a idonta ɓarayin Madani suka canza. Na farko da ta tarar masu yankan aljihu ne, masu kunya. Sukan yi aikinsu a cunkoson hafila, su jefar da takardun mutum inda zai tsinta. In an kama ɗaya yakan rufe fuska kada a gaya wa uwarsa. Bayan su aka yi masu fizgar jaka da ƙafa. Bayan su kuma aka yi na babur, biyu a kan ɗaya, su fizge waya daga kunnen mutum yana cikin gaisuwa, su bar shi yana ce wa tafin hannunsa ina gajiya. Waɗannan ba su rufe fuska. In an kai ƙara, sai a ce babu man mota. Amma motar kasha ba ta taɓa rasa mai ba. Barakatu ta daɗe tana nazarin wannan, ta gano dalili: ɓarawo yana gudu, murhu ba ya gudu.

Sau nawa aka kwashe mata bokiti? Ta daina lissafi. Ka je ka tsaya a rana a bakin ofis, ka roƙi yaron da ka girmi uwarsa, a miƙo maka kayanka a lanƙwashe, ko a miƙo na wata. Gobe ka dawo ka zauna a wuri ɗaya, su ma su dawo. Su sun gaji, matan sun gaji, amma ba wanda aka ba izinin dainawa.

Sai Mahmud ya shiga bolis. Ba don yana so ba. Ya nemi aiki har takalminsa ya huje, wannan ƙofar ce kaɗai ta buɗe. Daren ranar miyar Barakatu ta yi gishiri. Da aka gama horar da shi, ina aka kai shi? Kasuwa. Allah ba ya rasa abin dariya.

Wata rana da tsakar rana, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse, ya bayyana a gabanta cikin kaki, hula a hammata, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Bai gaishe ta da baki ba, ya dai rusuna. Barakatu ta dubi takalminsa. Uwar da ba ta da sunan da za ta kira, ba ta da yabo, ba ta da runguma, me ya rage mata? Ta cika kofi. Shekarun itfaddal duk suka zube.

"Ka sha," in ji ta. Kuma ba a hankali ba.

Layin ya watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Sai dai wannan karon da gaske motar tana bayansa. Ta shigo ta tarar da toka da ɓawon gyaɗa.

Ba su taɓa yin maganar ba, ita da shi. Ko da gangan ya riga motar zuwa, ko ƙishirwa ce, Allah ya sani. Abin da kasuwa ta lura da shi dai, Mahmud yakan wuce uwarsa kwana da kwanaki bai tsaya ba, in ma ya tsaya takan miƙa masa kofi shiru. Amma ranar da ya tsaya da hula a hammata, ranar takan yi magana. Ba a ɗage dokar ba. An dai daina tuna ta.

Daga nan yaƙi ya zo. Da farko ya koro mutanen Khartoum suka cika Madani, har masu digiri suka kafa murhun shayi, ɓarayi ma suka samu baƙi 'yan'uwansu. Sannan ya iso Madani da kansa. Wannan babin Barakatu ba ta ba da labarinsa. Takan ce sun tafi da ƙafa, sun dawo da ƙafa, abin da ke tsakani na Allah ne. Da suka dawo bayan fiye da shekara, kasuwa ta zama kango, dogon yaron ya ƙone ta gefe ɗaya. Ta zauna a gefen da ya rage.

Hanaa ma ta dawo, ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Mijinta bai dawo ba, ɗanta bai dawo ba. Jikoki uku ta dawo da su, da buta ɗaya mai lotsattsen gindi da ta ɗauka a ka tun daga gudun farko. Kofunanta gwangwanaye ne da aka yanke. Abin da butar nan ta tafasa da safe, shi yaran ke ci da rana.

Wuta ba ta gama dawowa ba, ruwan famfo bai gama dawowa ba, kasha ta dawo. An kawo sabon jami'i, mulazim, wato laftana, yaro ne mai tauraro sabo fil a kafaɗa, an ce masa ya maido da tsari a kasuwa. Masu babur suna fizge a gaban ofishinsa, amma su ba su da adireshi. Ya fito sau biyu da mota, sau biyu yana tarar da toka. Bai daɗe ba wani ya raɗa masa labarin tsohuwa mai godogodo da ɗanta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Mahmud ya zo gida. Barakatu tana tsakar gida tana wanke gero. Ya zauna nesa, ya fuskanci matarsa Ibtisam, wadda ke shayar da jaririnsu, don ɗan fari ba ya kawo wa uwa magana kai tsaye.

"Ibtisam, ki gaya ma Inna, janabu mulazim ya kira ni. Ya ce in aka sake jin kalmar nan daga bakinta, ni za a tura can bayan Abu Hujar, inda ba a san ranar dawowa ba. Kuma ya rantse gaban mutane, duk bakin da ta fito, mai bakin a rufe zai kwana."

Ibtisam ta buɗe baki za ta maimaita. Barakatu ta riga ta, tana magana da ƙwaryar gero.

"Gero, ka gaya ma mai kaki na ji. Ka tambaye shi, masu babur fa, su wa zai rufe?"

"Ibtisam, ki ce mata ba ni ka tsara aiki ba. Ki ce mata na gaji."

Barakatu ta tsiyaye ruwan a hankali. Ta saci kallonsa ta gefen mayafi. Furfura ta fito masa a gefen kunne, yaron da jiya-jiya take sauraron numfashinsa ta bayan ƙofa. Ta riga ta binne miji, yaƙi ya watsa mata sauran 'ya'ya gari-gari. Wannan kaɗai ya rage kusa.

"Gero," in ji ta, "ka ce masa ya ci abinci kafin ya tafi."

Washegari ta gaya wa Hanaa komai, ba ta rage ba. Hanaa ta jima tana fifita gawayi.

"Ya Um Mahmud," ta ce, kuma yau Barakatu ba ta yi kurumta ba. "Ki yi shiru. Buta ce, ba ɗa ba ce. Da ni ce ke, wallahi shiru zan yi, ko kallonki ba zan yi ba."

"Ƙarya kike."

"Ƙarya nake. Amma ki yi shiru."

Barakatu ta dubi butar. Ta san in ta hau mota ba za ta dawo ba, don Hanaa ba ta da ƙafar tsaiwa a bakin ofis, ba ta da abin fansa. Ta san kuma shirunta ba shiru ba ne kawai. Matan layin sun saba: in Mahmud ya tsaya Barakatu ba ta yi magana ba, yau lafiya, a zauna. Shirunta shi zai zaunar da su har mota ta rufe hanya.

Ranar ta zo da hantsi. Mahmud ya taho cikin kaki, hularsa a kai, an hana shi cirewa. A gefensa wani saurayi, mulazim ne ya tuɓe kaki, cikin farar jallabiya mai karin guga, yana tafiya irin ta wanda ya saba a buɗe masa hanya. Ko akuya ta gan shi ta san ba shayi ya zo sha ba. An ɓoye motar bayan tasha, direba na jiran alama. Idanun layin gaba ɗaya suka koma bakin Barakatu.

Ta cika kofi. Hannunta ya yi nauyi kamar ta ɗauki turmi. Ta miƙa wa ɗanta, ba ta ce uffan ba. Ta ji yadda matan suka saki numfashi, ta ji Hanaa ta ƙara gawayi a murhu ba tare da ta ɗago kai ba.

Da mulazim ya yi haƙuri kaɗan, da ya ci nasara. Amma yaro ne, kuma nasarar da ba a yi wa kirari ba ba ta yi masa daɗi. Ya sunkuyo da murmushi, ya yi ƙasa da murya, da Larabci.

"Ya Um Mahmud, yau babu kasha?"

Barakatu ta ci gaba da juya ludayi.

Ya dubi Mahmud. "Ba ta ji ne?"

Mahmud ya ƙame. "Janabu, tun da aka haife ni ban taɓa jin ta amsa wannan kiran ba." Kuma bai yi ƙarya ba.

Mulazim ya ɗan ɗaga murya. "Ya Hajja. Na ce yau babu kasha?"

Ta ɗago, ta kai tafin hannu bayan kunne, ta yi masa kallon tsohuwar da duniya ta wuce ta. "Na'am, ɗana? Kashi? Babu kashi ciki, gero ne da nono."

Wani mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya yi dariya. Kunnuwan mulazim suka yi zafi. Ya miƙe tsaye, ya cika ƙirji, da muryar da aka koya masa a filin fareti.

"Kasha nake cewa! Kasha!"

Ai kuwa. Tsofaffin da ke kukan gwiwa tun safe suka tashi kamar 'yan mata. Hanaa ta naɗe hannu da mayafi, ta suri butarta tana tafasa, ta faɗa lungun masu gawayi. Direba ya ji muryar ubangidansa, ya ɗauka alamar ke nan, ya taho a guje ta hanya ɗaya, ya bar ɗayar a buɗe. Da askarawa suka diddiro, babu kowa a gindin bishiya sai tsohuwa ɗaya da bokiti biyu, da ɗanta riƙe da kofi, da jami'insu a tsaye baki buɗe.

Nan gardama ta tashi. Ya ce makirci ne. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ina ta san makirci. Ya ce tana ji sarai. Ta ce wani lokaci. Ya juya kan Mahmud, ya ce da shi aka ƙulla. Ta ce yaron ko kofinsa bai kai baki ba, kowa shaida ne. Askarawan suna kallon takalmansu, kafaɗunsu na rawa.

Kada wani ya ɗauka daɗi ta ji. Mota ba ta komawa wayam, don haka bokitanta suka hau, kuma Mahmud aka sa ya ɗora su da hannunsa. Kwana biyu ta yi tana tsaiwa a rana kafin a miƙo mata ɗaya. Kasha ba ta daina zuwa ba, masu babur ba su daina fizge ba. Amma Mahmud yana nan Madani, butar Hanaa tana nan kan wuta, kuma mulazim bai ƙara ɗaga zancen Abu Hujar ba, don da ya fara sai wani cikin yaransa ya kama tari. Abin da ya rufe masa baki a wurin, har yau masu raksha na maimaita shi.

Ya nuna ta da yatsa, ya ce ko ta sani ya rantse a kan kalmar nan.

Barakatu ta sunkuya da ƙyar, ta lalubo wani abu a cikin kwanon ruwa, ta matse shi, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Na sani, janabu. Ka rantse mai bakin a rufe zai kwana. Mu nan ba mu kai ku tsanani ba. Wankin kofi ne mako guda. Ga soso."